Gaisuwar Aro Ba Ta Kawo Ruwa

Ga ta nan, ga ta nanku, mai gyangyaɗi ya buɗe ido.

Ta zo mu ji ta, ta wuce ta bar mu lafiya.

Wata shekara rani ya yi tsanani, rijiyar dawa ta ƙafe ƙaf. Rijiyar nan ta wata tsohuwar aljana ce, sai ta ga dama ruwa ke tasowa. Namun dawa kuwa suna da zaure a waya, har da aljanar a ciki, Kura ce shugabar zauren.

Kura ta rubuta, "Ke, ruwa." Ba sallama, ba ina kwana. Aljana ta karanta, ta yi shiru.

Washegari Kura ta rubuta, "Kurma ce ke? Ruwa na ce." Aljana ta karanta, ta yi shiru.

Rana ta uku Kura ta turo murya, zagi ta uwa ta uba. Rijiya ta ƙara bushewa.

To Bushiya 'ya'yanta huɗu, ƙishi ya ci ƙarfinsu, autar ko kuka ta kasa. Ranta ya ɓaci. Ta rubuta, "Kura, ko gidan talaka ba a faɗa masa ba sallama. Waya ma gida ce."

Kura ta ce, "Ke ƙunshin ƙaya, ni za ki koya wa magana? Bari in cire ki daga zaure, in zo in cire kanki."

Bushiya ta ce, "Cire ni. Kan kuwa zo ki ɗauka, in bakinki na marmarin ƙaya."

Kura ta cire ta. Su Giwa, su Ɓauna, manyan banza, ba wanda ya tsaya mata.

Bushiya ko a jikinta. Ta nemi aljana ita kaɗai, ta aika murya: "Salamu alaikum, Iya. Kin tashi lafiya? Ya ƙarfin jiki? 'Ya'yana na jin ƙishi, ki taimaka."

Aljana ta ce, "Wa'alaikumus salam, 'yar albarka. Kwana uku ina kwance da ciwon baya, ba mai ce mini sannu. Kawo yaran."

Ruwa ya taso, yara suka sha. Bushiya ta bi namun dawa ɗaya-ɗaya ta faɗa musu, kowa ya gaida Iya ya sha. Kura fa? Girman kai ya hana ta. Ta sa Dila ya samo mata saƙon muryar Bushiya, ta danna, ta tura wa aljana.

Aljana ta yi dariya. Ta ce, "Kura, yaushe kika koma Bushiya? Gaisuwar aro ba ta kawo ruwa. Gaishe ni da bakinki."

Kura ta buɗe baki, bakin bai saba ba, sai "uwuuu" ya fito. Kukan da kuke ji tana yi har yau, sallama take koyo, kuma har yau da ƙishinta.

Ku kuma in kun ɗauki waya, ku tuna akwai mutum a can ɓangaren, ku gaishe shi tukuna.

Ƙurunƙus kan ɓera. Ba don Gizo ya cinye mini caji ba, da na nuna muku saƙon.