Aiki Mai Lamba Goma Sha Bakwai

Auta, yau labarinki zan ba mutanen shafin nan. Ki yafe min in na kasa.

Akwai wani mai gyaran rediyo da ya bar makaranta a aji uku. Yana da ƙanwa wadda ba ta da wurin zama sai gefen teburinsa. Tun tana miƙo masa sukundireba har ta fi shi iya narka dalma. Yakan ce mata za ta ƙwace masa kwastomomi, ita kuma ta ce ai tuni, kunya ce ta hana su faɗa.

Duk shekara ana ɗaukar yara biyar daga makarantar su ƙanwar zuwa horon kimiyya na hutu. Malamin kimiyya ke zaɓe. Sau biyu ta kai takardarta. Karon farko ya ce wayar wuta ba ta son lalle. Karo na biyu ya dubi sunan mahaifinta ya ce, "Ƙabilarku da saye da sayarwa aka san ta. Bar wa masu abin abinsu."

Ba ta yi kuka ba. Ta dawo ta ce, "Yaya, ba ni tsohuwar lasifikar nan."

Ta haɗa ta da gorar roba da batir, ta yi ƙararrawar da ke kuka idan tankin ruwa ya cika.

A bana aka turo wata injiniya ta duba zaɓen. Ta sa kowane yaro ya kawo aikinsa, aka rufe sunaye da takarda, kowane aiki da lambarsa kawai. Malamin ya tsaya kan lamba goma sha bakwai, ƙararrawar tanki, yana ta yabo, ya ce wannan hannun namiji ne, kuma ɗan gida, shi ya koyar da shi.

Injiniyar ta ɓare takardar ta ce, "To Malam, karanta mana sunan ɗan naka."

Ya karanta. Da ƙyar aka ji muryarsa.

Auta ƙanwata, zazzaɓin kwana huɗu da ya raba mu da ke ya riga takardar gayyatarki isowa. Jiya aka kawo ta shago, sunanki a sama. Tana aljihuna. Ban gaya wa kowa a gida ba tukuna, ko Inna.

Darasi: Basira ba ta tambayar mace ko namiji, ba ta tambayar ƙabila. In zaɓe ya zo hannunka, dubi aikin yaro, kuma ka ba shi haƙƙinsa da wuri. Ku tura wa duk malamin da kuka sani.