Ciyawar Kan Dutsen Sanyi

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

An yi wata shekara da fari ya cinye ƙasa, har ƙaya sai da awaki suka ci suka ƙarar. A wani ƙauye akwai wata gwauruwa mai suna Tasalla, da nonon awakinta take ciyar da 'ya'yanta. Da ta ga awakin sun fara faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, sai ta ɗauki lauje ta nufi wani dogon dutse da mutanen garin ko nuna shi da yatsa ba sa yi.

Ta hau, ta hau, ta hau, har itatuwa suka ƙare, kukan tsuntsaye ya ɗauke. Can ƙoli sanyi na yanka kamar wuƙa, ƙanƙara kwance bisa duwatsu. A tsakaninsu ga wata gajeriyar ciyawa curi-curi, koriya shar. Babu iska, amma tana kaɗawa.

Ta ɗaga lauje ke nan, ciyawa ta ce, "Baiwar Allah, yanki ganye, bar saiwa."

Tasalla ta bi maganar. Ta yanki ganye kawai, ta sauko. Awaki suka ci, suka miƙe.

Gizo ya ga awakinta sun murmure. Ya dame ta da tambaya har ta faɗa masa, ta kuma ja masa kunne kada ya taɓa saiwa. Ya ce, "Ai saiwa ita ce ciyawa. In na dasa ta a bayan ɗakina, wa zai sake hawan dutse?"

Da ciyawarta ta ƙare, Tasalla ta koma. Ta tarar da Gizo tsaye cikin ɗan rami, ƙasa ta haɗiye ƙafafunsa, ga curin da ya tuge yashe a gefe. Ciyawa ta fara tsiro a gwiwoyinsa.

Ya ce, "Tasalla 'yar'uwa, sa ƙafarki a ramin nan, akwai ɗumi."

Ta ce, "Ba na jin sanyi."

"To tsaya mini, in je in sha ruwa."

"Ga gorana, sha."

"To miƙo hannu mu gaisa."

Ta kusa miƙawa, sai ciyawa ta ko'ina ta ɗauki magana da muryoyin maza da mata: "Ramin saiwa ba ya zama ba kowa. Mu ma da ƙafafunmu muka hawo."

A cikin muryoyin nan, Tasalla ta ji ta kawunta, wanda ya ɓata a tsohuwar yunwa tun tana yarinya.

Ta janye hannu. Amma da ta ga Gizo na kuka, ciyawa ta kai masa ƙugu, ta kasa tafiya. Ta ɗauki curin nan, ta cusa saiwarsa cikin ramin, ta danne da ƙasa har yatsunta suka ƙage. Ƙasa ta yi nishi, ta tofar da Gizo. Ƙafafunsa sun sirance kamar tsinken ciyawa, haka suke har yau.

Tasalla ta ce, "Kawu, kai fa?"

Muryar ta ce, "Wadda na tuge ta bushe tuntuni. Ɗebi abin da ya kawo ki, 'yata, yara na jira."

Ta yanka a hankali tana hawaye, ta ɗaura damminta ta sauko. Awakinta suka kai damina.

To kun ji, yara. Abin da ke ciyar da kai, ɗebi rabonka ka bar masa tushensa.

Ƙungurus kan kusu, kowa ya ja mayafinsa.