Ƙanzon Sabon Gero

Ke Ladidi, wa ya ce miki lokacin labari ne? Kun cika tumbi da tuwon sabon gero, ga kwanuka can ba wanda ya taɓa, amma bakinku bai gaji da "Kaka ba mu labari" ba. To ku zauna. Wanda ya katse ni ya tashi ya ba ni wuri.

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, can bayan duwatsun da rana take faɗawa, an yi wani sarki a Birnin Dargaza mai suna Tanimu, wanda rumbunansa suka fi ɗakunan garin yawa. Gidan sarautar nan suna da wata baƙar tukunya wadda tsohon aljani Mai Rumbu ya ba kakanninsu bisa alkawari guda: duk kaka, ranar da dangi suka taru cin sabon gero, a tuƙa tuwon farko a cikinta, a kwashe, amma ƙanzon da ya kama gindinta nasa ne, kada a jiƙa, kada a kankare. Shi kuwa yana tsare musu hatsi daga gara.

Mai tuƙin ita ce Gwaggo Tabawa, ƙanwar mahaifin sarki, wadda ta goya shi tun yana jinjiri.

Wata kaka, dangi sun ci sun ƙoshi ana ta kiɗa a ƙofar fada, sai sarki ya biyo ta madafa, ƙanshin ƙanzo ya tuna masa da ƙuruciya. Ya waiga dama, ya waiga hagu, ya tsuguna da alkyabbarsa ya ɓamɓare ƙanzon nan ya cinye tas. Sarki guda fa!

Kafin kiɗa ya tsaya, gara ta cika rumbuna. Da aka leƙa tukunya ba ƙanzo, fadawa suka ce ai mai tuƙi ce ta cinye, aka gurfanar da ita. Gwaggo ta ɗaga kai, ta ga ɓurɓushi a gemun sarki, ta sunkuyar, ta ce, "Ranka ya daɗe, abin da ka yanke shi ke nan." Sarki ya kau da kai har waziri ya yanke mata kora. Ta fita da ɗanta Nomau, ba ta waiwayo ba.

Tun daga ranar tuwo bai ƙara tuƙuwa a birnin ba, komai garin da aka zuba sai ya tsaya kamar kunu. Dangi suka daina zuwa. Sarki ya rame har rawani ya yi masa yawa, in ya ji ƙarar muciya sai ya toshe kunne.

Da wata kakar ta gabato, 'yarsa Gimbiya Lantana ta durƙusa gabansa ta ce, "Allah ya ja zamaninka, ka yi mini izini in nemo Gwaggo in roƙe ta ta tuba." Sarki ya kasa kallonta, ya ɗaga mata hannu kawai.

Ta yi tafiya har ta iske wata gonar dawa wadda ba ta da ƙarshe, kararenta sun sarƙe hanya, zangarniyoyi suna tambaya, "Wa ya ci?" Ta ce, "Wallahi ban sani ba." Da yake gaskiya ta faɗa, suka buɗe mata. A tsakiya ta tarar da wata kuka, Nomau yana faskare, Gwaggo tana tuƙa wa aljanin tuwo, don ta ba da kanta bauta kada ya shafe garin.

Mai Rumbu ya ce, "Ya ke 'yar sarki, da wanda ya ci ya roƙa, da na bar masa. Ga muciya. Kowa na gidanku ya kama ya tuƙa, za ta maƙale a hannun mai laifi. In kakar nan ta wuce ba a san shi ba, tsohuwar nan tawa ce har abada."

Gwaggo ta ce, "Ajiye muciyar nan, jikata. Yaron da na goya ba zan..." Sai ta kama bakinta. Amma Lantana ta riga ta ji.

Ta koma gida, ta sami mahaifinta shi kaɗai, ta ajiye muciya gabansa, ta faɗi saƙon aljani. Sannan ta ce, "Gwaggo tana gaishe ka. Ta ce in tambaye ka, wai kana cin abinci kuwa?"

Sarki ya rufe fuska da hannun riga ya yi ta kuka.

Ranar bikin cin sabon gero ya aika aka tara dangi duka, ya tuɓe rawani, ya tsaya bakin murhu, ya ce tun kafin ya taɓa muciyar, "Ya ku 'yan'uwana, ni Tanimu na ci ƙanzon, na kuma bari aka kori wadda ta goya ni." Da yake ya riga ya faɗi gaskiya, muciya ba ta maƙale ba; ya kama ya tuƙa, tuwo ya haɗe, gara ta fice daga rumbuna. Sai ga Gwaggo da Nomau a ƙofar madafa. Sarki ya faɗi a ƙafafunta. Ta leƙa tukunya ta ce, "Duk gudaji. Tashi, ba ni nan."

Aka bar wa Mai Rumbu ƙanzonsa, kafin a gama sussuka kuma aka ɗaura auren Lantana da Nomau don a ɗinke zumunci.

Ƙurunƙus, na gama. Kowa ya tashi ya kwanta. Kai kuma Tanko, da aka ce akuya ce ta taɓa mini tukunya, goge bakinka kafin ka wuce.