Ɗaki Ɗaya a Gidan Malam Sallau

Ku matso kusa, muryata ba ta kai inda take kaiwa a da. Wannan labari na tsince shi ne a yawon karatuna, a wani gari da ke bakin titin jirgi. Sunan garin ya kuɓuce mini, haka ma shekarar. Abin da ya rage shi zan ba ku, wanda ya zube kuwa kada ku tambaye ni.

Malam Sallau direban motar asibiti ne, a gidan ma'aikata ya tsufa. Da ya yi ritaya aka ba shi kuɗin sallama, aka kuma ba shi wa'adin kwashe kayansa. Kullum ya leƙa kasuwa sai ya tarar siminti ya ƙara kuɗi, filayen da talaka zai iya saye sun ƙara nisa da gari. Tsoronsa ɗaya ne: kada ya mutu a ɗakin haya, a fito da gawarsa mai gida na tsaye yana jiran ɗakinsa.

Ana nan sai ga Alhaji Maikano, dillalin gidaje, mutumin sahun gaba a masallaci. Ya ce kamfaninsu na gina gidaje, ka ba da abin da ke hannunka ka shiga, sauran ka biya kaɗan-kaɗan, babu kuɗin ruwa. Ya kai shi ya nuna masa wani gida mai koriyar ƙofa, ya damƙa masa mabuɗi ɗaure da jan zare, ya ce fenti kawai ya rage. Malam Sallau ya so ya ce, "Ina takardun filin?" Maganar ta zo har bakinsa ta koma. Wannan Alhajin shi ya ɗauki makarar matar Malam Sallau tun daga ƙofar gida har maƙabarta, bai yarda an karɓe shi ba. Da wane ido zai dube shi ya ce ya nuna shaida? Ya miƙa kuɗin sallamarsa duka.

'Ya'yansa uku ne.

Babbar, Tasalla, ɗan ƙanwar Alhaji Maikano take aure. A wajen wani suna ta ji wata tsohuwa na alfahari ɗanta ya sayi gida mai koriyar ƙofa, har ta kwance mabuɗi daga haɓar zane tana nunawa. Ga jan zaren, irin na mabuɗin ubanta. Tasalla ta bi gidaje tana tambayar mata, ta tarar gida ɗaya ake ta sayar wa rabin unguwa. Mijinta ya ce, "In kika buɗe baki a kan kawuna, ki je ki ƙarasa a gidan ubanki." Ta ce, "Ai ubana ba shi da gida, shi ya sa zan buɗe." Ta tona, aka sake ta da goyo a baya. Ba don ita ba, da babu wanda ya farga.

Na biyu, Ɗanlami, lodin kaya yake yi a tasha. Shi ya hango Alhaji yana cusa jakunkuna a motar da za ta bar gari. Ya cafke wuyan rigarsa. Yaran Alhaji suka sa ƙarfe suka karya masa hannu, ya riƙe da ɗayan, bai saki ba har 'yan sanda suka zo. Kotu ta ƙwato abin da ya saura, don an riga an cinye fiye da rabi. Hannun bai ɗoru daidai ba, lodi ya gagara, mai gidan haya ya fitar da shi da matarsa. Ba don shi ba, da ko sisi bai dawo ba.

Autan, Gambo, malamin firamare ne. Abin da aka ƙwato ko fili ba zai saya ba, bankin da ke ba da rancen gida kuma ba ya sauraren tsoho marar albashi. Gambo ya sa nasa sunan a takardar rancen. Ya je ofishin filaye aka duba takardu, ya tambayi maƙwabta da mai unguwa, sannan aka sayi wani ɗan gida mai ɗaki biyu. Za a yi ta yankar albashinsa har ya yi furfura, abin da ke saura kuwa bai isa hayar ɗakinsa ba, shi ma aka ba shi wa'adi. Ba don shi ba, da kuɗin sun narke a hannu.

Malam Sallau ya shiga gidansa, amma bai ji daɗin shigar ba. Ɗaki ɗaya nasa, ɗaya babu kowa, ga 'ya'ya uku kowa da iyali, kowa ya rasa wurin kwana ta dalilinsa. Suka haɗu a tsakar gidan.

Gambo ya ce, "Baba, ni fa sunana ne a banki."

Ɗanlami ya ɗaga karkataccen hannunsa ya ce, "Auta, naka a takarda yake. Nawa ga shi."

Tasalla ta gyara goyonta ta ce, "Ku yi ta yi. Ni dai an ce in tafi gidan ubana, ga ni na zo."

Tsohon ya ce to zai bar musu nasa ɗakin ya koma kwana a masallaci. Duk ukun suka ƙi, don in ya fita, sakin da karayar da bashin duk sun tashi a banza. Ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya kasa furta suna.

Abu ɗaya na tabbatar daga baya, daga bakin wani ɗan garin da muka haɗu da shi a mota: Alhaji Maikano ya gama zaman gidan yari ya koma sahunsa na gaba, ɗakin nan kuwa har yanzu babu kowa a ciki, 'ya'yan na raɓe a gidajen mutane.

To, ku da kuka ji, in ku ne Malam Sallau, wa za ku ce ya shigo da kayansa?