Na'urar Sauron Inna da Ta Tafi Caji

Akwai wani mutum a garin Azare ana kiransa Jabiru. Dillalin filaye ne, Allah ya rufa masa asiri daidai gwargwado, sai dai yana da cuta guda: son a ce shi ne. Tun da labarinsa ya zo kunnena raina yake a ɓace, shi ya sa na ce bari in ba ku, ko na samu sauƙi.

Mahaifinsa, Malam Jalo, ya rasu a farkon damina. Mahaifiyarsa, Inna Zuliha, ta shiga takaba a gidan da suke zaune tare. Bafulatana ce ta wajen Sakwa, mai kawaici, ga tsufa, ga ciwon ƙirjin da ba ya shiri da hayaƙi ko kaɗan.

Ƙanwarsa Sa'adiyya, wadda ke aure a Misau, ta ce idan Inna ta fita takaba za ta ɗauke ta ta koma wurinta. Jabiru ya yi tsalle ya dire.

"Ina da raina? Ni ne babba, a ce uwata tana zaune a gidan suruki? Me mutanen gari za su ce?"

Kun dai ji. Bai tambayi abin da Inna take so ba, abin da mutanen gari za su ce shi ne damuwarsa. Dangi suka ce to, a bar ta a hannunsa har ta fita takaba, a ga yadda zai riƙe ta.

To, kowa ya san sauron damina. Ɗakin Inna zafi gare shi, wutar lantarki kuwa sai an ga dama. Don haka kullum daga magariba har bayan isha'i a tsakar gida take shimfiɗa tabarma, tana jan carbi tana yi wa mijinta addu'a. Mai takaba ce, babu inda za ta je ta sha iska. Idan aka kunna mata maganin sauro mai hayaƙi, tari ya sarƙe ta har sai an yi mata fifita.

Sa'adiyya ce ta nemo mafita. Ta zo da wata 'yar na'ura mai caji, girmanta bai wuce ƙaramin filas ɗin shayi ba. Ana zura mata 'yar kwalbar magani, a danna, ta kawo koriyar wuta. Babu hayaƙi, babu ƙara, amma duk wanda ke zaune kusa da ita sauro ba ya raɓarsa.

"Inna, nan za ki danna," in ji Sa'adiyya. "Idan wutar ta koma ja, caji take so. Hamma Jabiru yana da sola a shagonsa, sai ya sa miki ya dawo da ita da yamma."

Inna ta juya ta a hannu tana murmushi. "Allah ya yi miki albarka. Ashe akwai ranar da zan yi lazimi ban mari ƙafata ba."

Ta kuwa ji daɗinta na 'yan kwanaki. Rannan wutar ta koma ja, Jabiru ya ɗauka ya ce zai kai caji.

Da ya dawo da yamma bai shiga gida ba, ya tsaya a majalisarsa. Benci biyu ne a ƙofar gidan, inda abokansa ke taruwa ana shayi ana musun ƙwallo da siyasa, ana ta marin wuya da ƙafa saboda sauro. Sai ya ce bari ya gwada musu wani abu. Ya ajiye na'urar a tsakiya ya danna.

Can sai abokinsa Maikuɗi ya dubi ƙafafunsa ya ce, "Kai Jabiru, wai ina sauron nan ya shiga? Mene ne wannan?"

Jabiru ya gyara zaman hula. "Daga Kano na sa aka kawo mini. Ba kowa ke da irinta ba."

Ƙarya ke nan ta farko, kuma ta yi masa daɗi a baki.

Kafin mako ya zagayo, majalisar Jabiru ta zama abin magana a unguwa. Aka ƙaro benci. Mutanen da da can ko gaisuwarsa ba sa amsawa da kyau suka riƙa zuwa suna zama. Wani ma ya fara kiransa Ciyaman, shi kuma yana amsawa har da ɗaga hannu.

Katanga ɗaya ce tsakaninsa da Inna. Tana jin shewarsu, tana korar sauro da gefen mayafi.

Za ku ce me ya hana ta magana? Jabiru ɗanta ne na fari. Duk wanda ya zauna da Fulanin ƙasar Katagum ya san kunyar ɗan fari. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta zama ta dube shi ido cikin ido, balle ta buɗe baki ta ce ba ni abu kaza. Iyakarta ta ce "mutumin nan". Jabiru ya san da haka sarai, kuma wallahi abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ya san ba za ta taɓa tambaya ba, sai ya jingina da kunyarta ya miƙe ƙafa.

Sau ɗaya ta daure ta ce wa matarsa, "Ko abin nan ya cika kuwa? Ki ɗan tambayi mutumin nan."

Matar ta tambaye shi. Ya ce batirin ne ke da nawa, kuma kada ta ƙara sa masa baki a harkar da ba tata ba. Shi ke nan, magana ta mutu.

Idan Sa'adiyya ta bugo waya ta ce, "Inna, ya na'ura?" sai ta ce, "Alhamdu lillahi." Ba ta yi ƙarya ba, ba ta kuma tona ɗanta ba.

Akwai maƙwabciyarsu, Ya Gana, dattijuwa 'yar asalin Borno da ta daɗe a unguwar. Ita kam ba ta iya ɓoye-ɓoye ba. Wata magariba ta shigo taya Inna zama, ta haska fitilar wayarta, ta ga ƙafafun tsohuwa duk sun yi ruɗu-ruɗu, wasu wuraren har sun fashe don susa.

"Subhanallahi! Zuliha, ina abin da 'yarki ta kawo miki?"

"Yana caji."

"Cajin me? Ba shi na wuce yanzu a ƙofar gida ƙarti sun kewaye shi ba?"

Inna ta kama hannunta. "Don Allah Ya Gana, ki rufa mini asiri. Yana da baƙi."

Washegari da safe Ya Gana ta tare Jabiru zai hau babur, ita da shi kawai.

"Ɗan nan, ka ji tsoron Allah. Ka mayar wa uwarka abinta."

Ku saurari amsar da ya ba ta. Dariya ya yi, ya ce, "Haba Ya Gana! Inna fa a ruga aka haife ta. Tsofaffin nan sun saba da sauro, ba ya yi musu komai. Mutanen da ke zuwa wurina kuwa manya ne, ba zan bari a cije su a ƙofar gidana ba."

Inna lillahi! Wai sun saba. Matar da ta goya shi, ta kwana tana yi masa fifita yana jariri don kada sauro ɗaya ya sauka a kansa, yau ita ce ta saba.

Ya Gana ta ce, "Allah ya shirye ka." Ya tayar da babur ya bar ta a tsaye.

Ba a jima ba zazzaɓi ya kama Inna. Ta ɓoye, kamar yadda ta saba ɓoye komai. Da matar Jabiru ta gaya masa, sai ya aiko da ƙwayoyi daga kemis ya ce gajiya ce. Jiki ya ci gaba da gashi, ta daina cin abinci, ta fara sambatu tana kiran marigayi. Ranar da ta yanke jiki ta faɗi wajen alwala, Ya Gana ce ta fita ba ko takalmi ta taro Keke Napep.

A asibiti aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, kuma ya yi tsanani, an makara da kawo ta. Aka ɗaura mata ruwa. Sa'adiyya ta taso daga Misau hankali a tashe, ta tarar Inna ba ta gane kowa.

Da magariba ta yi, Sa'adiyya ta hau acaɓa ta je gida ɗauko wa Inna kayan sawa. Tana sauka ta ga majalisa cike. Jabiru ya leƙa asibiti da rana ya dawo, wai kada baƙi su zo su tarar ba kowa. Ga shayi yana tafasa, ga koriyar wuta a tsakiyar benci.

Ta tsaya cak. Ba ta taɓa ɗaga wa yayanta murya ba, amma ran nan ta manta da wannan.

"Hamma, wannan ba na'urar Inna ba ce?"

"Ke, shiga gida. Ba kya ganin maza?"

"Ina ganinsu. Su ma ina so su gan ni. Na kawo wa uwarmu abin nan don tana takaba, ba ta da wurin zama sai tsakar gida, hayaƙi kuma yana tayar mata da ciwo. Yanzu haka tana kwance ba ta san wanda ke kanta ba. Ashe nan na'urar take? Tun yaushe?"

Maikuɗi ya ajiye kofin shayinsa a hankali.

"Jabiru, ba ka ce daga Kano ka sa aka kawo maka ba?"

Jabiru ya kawar da kai, Maikuɗi ya ci gaba.

"Wato duk daren da muka zauna a nan muna shewa, tsohuwa mai takaba ce ke biya da jininta a bayan katangar nan? Ka sa mu cikin alhaki ba mu sani ba. Allah ya isa tsakaninmu da kai."

Ya saka takalminsa ya tafi. Sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, wasu ko sallama babu. Sa'adiyya ta sunkuya ta ɗauki na'urar ta shige gida tana kuka.

Allah ya yi da sauran kwana, Inna ta farfaɗo. Sai dai ciwon ya tafi da jinta. Likita ya ce wataƙila ya dawo, wataƙila kuma shi ke nan. Da dangi suka zauna, Sa'adiyya ta ce ranar da Inna ta fita takaba za ta wuce da ita Misau. Babu wanda ya ce a'a, shi kansa Jabiru kansa na ƙasa.

Ana gobe za su tafi, bayan sallar magariba, ya shigo tsakar gida. Inna na kan tabarma ta rame, carbi a hannu, Sa'adiyya da Ya Gana na gefenta. Ya durƙusa a gabanta.

"Inna, ki yafe mini."

Ba ta ji ba. Kuma da ta ga shi ne, sai ta kawar da kai gefe kamar kullum, don haka ko motsin bakinsa ba ta gani ba.

Ya sake faɗa. Shiru.

Ya Gana ta ce, "Ɗaga murya mana. Da kake ba da labarin Kano ai har ɗakina nake jiyo ka."

Ya ɗaga murya, hawaye na zuba. "Inna! Ni na ɗauke miki na'urar! Ni na ja miki wannan ciwon! Don Allah ki yafe mini!"

Maƙwabta sun ji. Masu dawowa daga masallaci sun ji, har wasu suka tsaya a bakin zaure. Duk unguwa ta ji, ban da mutum ɗaya da yake so ta ji.

Inna ta lura har yanzu yana durƙushe a wurin. Ta ga sauro na shawagi a wuyansa, don ya yi nesa da inda aka ajiye na'urar. Ta taɓa Sa'adiyya, ta yi magana da ƙarfi irin na wanda ba ya jin muryar kansa.

"Ki ce wa mutumin nan ya tashi ya shiga ɗaki. Sauro zai cije shi."

Darasi: Shirun iyaye ba yarda ba ce, kuma kunyarsu ba izini ba ce. Da yawansu ba za su taɓa buɗe baki su ce an zalunce su ba, musamman idan ɗan da suka haifa ne ya yi. Abin da aka kawo don tsoho, na tsoho ne, ko na'ura ce, ko magani, ko fanka, ko abinci. Kada ka ɗauke shi don ka burge mutanen da za su watse su bar ka ranar da asiri ya tonu. Yau da magariba, kafin ka fita majalisa, leƙa ka ga a wane hali ka bar mahaifiyarka, kuma ka nemi gafararta tun tana iya jin ka. Ku tura wannan labari ga 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai wata Inna da ke zaune shiru a bayan katangar wani.