Kalmar da Sarki Dambo Ya Hana Faɗa

A zamanin da, can wata ƙasa, an yi wani sarki wai shi Dambo, mai son barcin rana. Saboda barcin nan ya hana maƙera buga guduma daga hantsi har la'asar, ga damina ta matso, manoma na jiran fartanya.

Wani maƙeri, Jatau, ya tsaya a kasuwa ya ce, "Wannan danniya ce." Kafin magariba magana ta kai fada. Sarki ya fusata, ya sa aka yi shela cewa duk wanda ya sake furta kalmar nan zai bar gari. Jatau kuwa aka tsare shi, za a kore shi bayan salla.

Abin ya dami Waziri Zailani, don ya san Jatau bai yi ƙarya ba. Amma ta yaya zai yi ceto da bakin da aka ɗaure? Sai ya tuna wasan gauta ya kusa, ranar da matan fada ke kwaikwayon sarki da hakimansa, kuma al'ada ta hana sarki fushi da abin da ya gani. Ya je ya gana da Jakadiya, shugabar wasan.

Ran wasa, wata kuyanga ta fito da rawani, tana tafiyar ƙasaita irin ta Dambo sak. Ta kama wadda ta yi shigar maƙeri, ta kayar, ta kishingiɗa a bayanta tana minshari. Ta ƙasa ta yi nishi, ta sama ta toshe mata baki. Sarki ya yi ta dariya har da hawaye.

Jakadiya ta dubi fadawa ta ce, "To, mene ne sunan wannan?"

Kowa ya sunkuyar da kai. Sarki ya ga shirun ya yi yawa, ya ce, "Ku ba ku da idanu ne? Ƙarfi ya hau mara ƙarfi, ya kuma hana shi kuka. Ai danniya ke nan."

Waziri ya faɗi ya yi gaisuwa. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, jakuna nawa za a shirya bayan salla? Masu barin gari sun zama biyu."

Kunya ta rufe sarki. Can ya ce, "A saki Jatau, a soke shelar."

Kashegari da rana tsaka, Dambo na kwance ƙarar guduma na tashi, ya ja mayafi ya rufe kunne, bai aiki dogari ba.