Tsohon Malamin Wasa da Saurayin da Bakinsa Ba Ya Hutawa

Akwai wani mutum, malami ne a wata kwalejin horar da malamai, shi ne kuma yake koya wa samarin makarantar wasan ƙwallon kwando. Shekara ashirin da bakwai ya yi yana wannan aiki. Samarin suna kiransa Baba, shi kuwa yana kiransu 'ya'yansa, ko da yake sai ya ɗaga kai kafin ya ga fuskar yawancinsu.

Mutumin nan mai tsari ne ƙwarai. Yana da wani littafi mai baƙin bango da yake shiga fili da shi kowace yamma, kowane ɗan wasa da shafinsa. A ciki yakan rubuta sau nawa mutum ya jefa ƙwallo, sau nawa ta faɗa kwando, sau nawa ya cafe wadda ta bugi allo ta dawo, sau nawa kuma alƙalin wasa ya busa masa usur. A ƙasan shafin yakan bar layi uku domin hali. Ba a taɓa samunsa da son zuciya ba. Abin da idonsa ya gani, shi yake rubutawa.

Amma akwai abu guda da yake ɓoyewa. Wani zazzaɓi da ya yi shekarun baya ya tafi da kunnensa na hagu, na daman ma ya fara nauyi. In mutum ya tsaya kusa da shi yana ji, in ya yi nisa sai dai ya kalli leɓe. Daga inda yake zama a gefen fili, ba abin da yake kai masa sai dukan ƙwallo a kan siminti. A hankali har ya manta cewa fili yana da murya. Yana kuwa tsammani ba wanda ya san da wannan.

A cikin samarinsa akwai biyu da za mu ambata. Na fari sunansa Gayus, ɗan aji biyu, dogo, mai hannu mai kyau. In ya jefa goma, bakwai sukan shiga, kuma in ya yi tsalle 'yan kallo sukan miƙe. Na biyun sunansa Habila, ɗan ajin ƙarshe, gajere mai faɗin kafaɗa, wanda kullum yake tsayawa can baya kusa da kwandonsu. Shafinsa ba abin sha'awa. Yakan gama wasa da maki biyu, wani lokaci ma babu. Abin da ya fi damun malamin kuwa shi ne bakin Habila ba ya hutawa. Ana gudu bakinsa yana motsi, ana tsaye yana motsi, har jijiyar wuyansa takan tashi. Malamin yana ƙaunarsa, gama yaro ne mai ladabi a aji, amma shekara uku a jere ya rubuta a ƙasan shafinsa: "Yawan surutu a fili. Da ya sa ƙarfin bakinsa a hannunsa, da ya amfane mu."

To, bisa ga al'ada, kowace shekara kafin gasar kwalejoji malamin yakan zaɓi mutum goma sha biyu, ya naɗa ɗaya kyaftin, ya aika da sunayen ga masu shirya gasa. Da zarar sun rufe karɓar suna, ba a sāke taɓa takardar. A wannan shekara samari goma sha uku ne suka cancanta. Malamin ya zauna da littafinsa kwana uku yana auna shafi da shafi, zuciyarsa tana masa nauyi. A ƙarshe ya sa Gayus kyaftin, ya bar Habila, ya aika da takardar.

Da aka manna sunayen a allon sanarwa, samarin suka karanta suka yi tsit. Habila ya zo ya rusuna ya ce, "Na gode, Baba," ya tafi. Da yake sunansa ba ya cikin 'yan gasa, da lokacin gwajin koyarwa ya zo, sai makaranta ta tura shi wani ƙauye mai nisa, ba ta bar shi a cikin gari ba.

Tun ranar da ya tafi, wasan ya lalace. Samarin da suka saba kamar yatsun hannu ɗaya suka riƙa karo da juna. Biyu su bi mutum ɗaya, su bar wani a sake a ƙarƙashin kwando. Malamin ya duba iskar ƙwallo, ya sa aka sāke shafa layukan fili, ya ƙara musu gudun safe. Ba abin da ya canja. Har makin Gayus ma ya ragu.

Ran nan da yamma ana gwaji, Gayus yana tsaron wani, idonsa a kansa, sai wani ya zo ya tsaya masa a baya don ya tare shi. Gayus ya juya da gudu ya yi karo da shi, ya faɗi warwas. Karo na huɗu ke nan a yammacin. Malamin ya busa usur ya kira shi.

Ya ce, "Ɗana, me ya same ka? Bara ba ka faɗuwa haka."

Gayus ya karkaɗe gwiwarsa, ya matso ta hannun dama ya ce, "Baba, ba ni da ido a ƙeya. Wanda nake da shi an tura shi gwajin koyarwa."

Sauran suka yi dariya kaɗan, suka sunkuyar da kai.

Malamin ya ce, "Yi mini magana sosai."

Gayus ya ce, "Filin ne ya yi shiru, Baba."

Malamin ya ce, "Dā can ba shiru yake ba?"

Nan dariyar ta ɗauke. Gayus ya dubi ƙasa ya ce, "Habila ne yake gaya mana kome. Daga baya yana ganin fili duka. Shi yake cewa, Gayus hagunka, wani na zuwa. Shi yake cewa ku koma, ku koma, ni ne da mai lamba bakwai. In na zubar da ƙwallo, kafin in fara jin kunya ya riga ya ce, ba kome, ta gaba taka ce. Duk ranar da muka yi wasa, kashegari ba ya iya rera waƙa a sujada don muryarsa ta dishe."

Malamin ya zauna a kan benci. Ya buɗe shafin Habila, ya dubi abin da ya rubuta da hannunsa har sau uku, ya rufe. Ya sallame su tun rana ba ta faɗi ba.

Da safe ya je wurin masu shirya gasa ya roƙe su. Suka karɓe shi da girma, suka ba shi kujera, suka ce an riga an rufe, kuma shi da kansa ya san dokar, gama yana cikin waɗanda suka kafa ta. Daga can ya shiga motar kasuwa, ya yi tafiyar awa uku zuwa ƙauyen.

Ya tarar da Habila a gindin wata ɗorawa bayan an tashi daga makaranta, da alli a gashinsa. Da saurayin ya gan shi sai ya taso da sauri ya karɓi jakarsa, ya tsaya ta hannun dama.

Malamin ya ce, "Ɗana, na zo neman gafara. Na yi maka shari'a a kan abin da ban ji ba. Ni kurma ne, na kuwa ɓoye muku."

Habila ya yi murmushi ya ce, "Haba, Baba. Ai tun muna aji ɗaya manyanmu suka gaya mana, in za ku yi wa Baba magana ku tsaya ta dama. Kowa ya sani."

"Kun sani, ba ku faɗa mini ba?"

"Wa zai dubi babansa ya ce masa ba ya ji?"

Idon malamin ya cika da hawaye. Ya ce, "Na je wurin masu shirya gasa, sun ƙi. Ba zan iya mai da sunanka ba, ga shi kuma shekararka ta ƙarshe ce."

Habila ya juya ya dubi gonaki. Ya ce ya riga ya gaya wa mahaifiyarsa tun da damina cewa bana za ta zo ta gan shi a gasa, har ta ɗinka zane. Can sai ya share fuskarsa ya ce, "To, wa yake tsayawa a baya yanzu?"

"Gayus."

"Kai! Wancan da in ya buɗe baki sai don cin tuwo? Baba, ka roƙar mini hedimasta ya riƙa sakina ranar Jumma'a. Asabar uku suka rage. Zan koya musu ihu."

Haka kuwa aka yi. Asabar uku yana zuwa a motar kasuwa, yana tsayawa a bayansu, ba ya barin kowa ya taɓa ƙwallo sai ya kira sunan ɗan'uwansa. Da gasa ta zo suka ci wasa biyu, aka cinye su a na uku. Habila bai sa rigar makaranta ba, bai taka filin ba, ba a kuwa sāke ba shi wata shekara ba.

Ma'anar wannan misali, ya ku ƙaunatattu, ita ce: malamin nan mu ne, iyaye da malamai da dattawan ikilisiya, dukanmu da aka ba mu aikin auna waɗansu. Littafinsa ba ƙarya a ciki, kowace lamba daidai take. Duk da haka ya yi kuskure, domin ya ɗauka iyakar abin da ya kai gare shi, shi ne iyakar abin da ya faru. Kowannenmu yana da kunnen da ya mutu, yawancinmu kuwa muna ɓoye shi.

Habila shi ne irin shugaban da ba a cika zaɓa ba. Yana tsaye a baya, yana ganin abin da yake zuwa wa ɗan'uwansa ta inda ɗan'uwan ba ya gani, yana kuwa faɗa a kan lokaci. Akwai irinsa a cikin mawaƙanmu, akwai a zumuntar mata, wataƙila akwai a cikin gidanka, kana ce masa mai surutu. Ubangiji yana jin muryarsa, ba abin da yake ɓace masa. Amma wannan bai ba mu izinin toshe namu kunne ba.

Ku kuma matasa, kada ku ce ba ruwanku. Samarin nan sun ƙaunaci babansu, sun rufa masa asiri shekara da shekaru, kunyarsu kuwa ita ta hana Habila gasarsa. Da ɗayansu ya je a keɓe ya rusuna ya yi magana tun kafin a aika da takarda, da mahaifiyar Habila ta ɗaura zanenta. Ladabin da yake barin babba ya faɗa cikin kuskure bai cika ladabi ba.

An gafarta wa malamin, gafara ta gaske, amma gafarar ba ta buɗe takardar da aka rufe ba. Saboda haka kafin ka cire sunan kowa, sauka daga bencinka ka shiga fili, ka tambayi waɗanda suke tsaye a gabansa abin da suke ji daga bakinsa.